Iro Ya Ce Shi Kura Ne

Hure tana tankaɗen garin tuwo a tsakar gida da hantsi, sai ƙanenta Iro ya fito daga ɗakin zaure ya zo ya tsuguna a gabanta. Shekarar da aka yi rabon kuɗin Udoji ce, ƙarin albashin nan na ma'aikatan gwamnati, lokacin da duk wanda ka gani a Katsina ko dai yana gini ko yana shirin farawa. Iro direban tirela ne, yana ɗauko siminti daga Ikko can bakin teku, kuma tun rasuwar mijin Hure shi ne namijin gidan nasu na Ƙofar Kaura. Sati uku ke nan da ya mayar wa ubangidansa makullin mota, bai gaya wa kowa dalili ba.

"Yaya Hure, akwai maganar da nike so in gaya maki."

"Ina jin ka."

"Ni ba mutum ba ne. Kura ne ni."

Ta fara dariya, sai ta ɗago kai ta dube shi, dariyar ta yanke. Babu wasa a fuskarsa, babu kuma alamar ya sha wani abu. Ya faɗi maganar ne kamar mai gaya mata yau Talata.

"A'uzubillahi! Iro, mi ya same ka a hanyar nan?"

"Ba a hanya ba ne. Tun muna yara na sani. Kin tuna in gardawa suka zo wucewa da kura cikin takunkumi, yara na bin su, ni sai in shige ɗaki? Kunya nike ji, kamar ni aka ɗaure. Tafiyar ƙarshe da na yi, sati biyar muna jiran lodi a tashar jiragen ruwa, mutane kamar su haɗiye juna. Nan na ji na gaji da kwaikwayon su."

Hure ta ajiye rariyar. Ta rage murya ta ce, "Rikiɗa kake yi?"

"A'a. Jikin dai ga shi kina gani. Abin da ke ciki ne ba na mutum ba."

Daidai nan 'yarta Nana, mai shekara shida, ta sheƙo da gudu za ta ɗale bayan kawunta kamar yadda ta saba. Hure ba ta san lokacin da ta cafke hannun yarinyar ta fizgo ta ba. Iro ya ga abin da ta yi. Ya tashi ya koma ɗakinsa. Ta bi shi har bakin ƙofa tana roƙonsa don Allah don Annabi kada ya bari kunne na uku ya ji.

Bai yi mata alkawari ba, kuma bai ɓoye ba. Ranar Juma'a ya je sayen nama wurin Mamman mahauci, Mamman ya tsokane shi, ya ce direba guda ya zauna gida kamar mai jego, mi ya faru? Iro ya gaya masa gaskiyarsa a gaban mutum bakwai. Kafin Lahadi magana ta kai Ƙofar Ƙwaya, ta dawo da ƙari. Wasu suka ce an ga idonsa yana ƙyalli. Wata maƙwabciya ta rantse ta ji ƙarnin kura a bakin zauren. Matan da ke aiko sayen ƙuli-ƙulin Hure suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

Ita kanta ta rasa inda za ta sa tsoronta. In ta kai masa abinci sai ta sami kanta tana satar kallon haƙoransa da faratansa, ta ga ba abin da ya sake, sai kunya ta rufe ta. In kuma ya fita ya daɗe, gabanta ya yi ta faɗuwa kada a ce an tare shi a wani lungu.

Ana haka ragon Mamman ya ɓace daga garken da yake ɗaure dabbobinsa a gindin ganuwa.

Ranar Alhamis bayan La'asar Hure ta ji hayaniya daga wajen masallaci. Ta leƙa ɗakin zaure, babu Iro. Ta tura Nana gidan maƙwabta, ta yafa mayafi ta fita ko takalmi ba ta tsaya nema ba. A ƙofar gidan Malam Sada, limamin unguwa, ta tarar da maza sun fi sittin. Iro yana zaune a ƙasa a tsakiyarsu, hularsa a hannu. Ta ƙirga gora uku da adda ɗaya kafin idonta ya daina gani sosai. Ta raɓe jikin katanga.

Mamman ne ke magana, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Malam, da bakinshi ya faɗa! Ba wanda ya matsa mashi. Kakana ya ba mu labarin wani a ƙauyensu, da rana mutum, in duhu ya yi kura. Yau rago ne, gobe ɗiyan wa? A fitar da shi daga garin nan, ko mu mu san yadda za mu yi."

Aka ɗauka da "Gaskiya ne!" Sai wani saurayi mai farar riga da wando ya kutso gaba. Usman ne, ɗan unguwar, ma'aikacin asibiti.

"Ku ji tsoron Allah. Ba ɗan Adam da ke zama dabba. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma akwai likitocinshi a Kaduna. Direbobin nan ba su barci, wasu har ƙwayoyi suke sha don kada su yi gyangyaɗi. A ba ni shi in kai shi a duba."

"Boko ya cinye ka!" wani ya ce daga baya. "Allura za ta dawo da rago?"

Wani tsoho ya ce su duka ba su gane ba, iska ce ta shige shi a dajin hanya, a nemo masu ruƙiyya. Wani kuma ya ce ai wannan saɓo ne tsagwaronsa, Allah Ya yi ka mutum ka ce ba ka so. Kowa yana magana a kan Iro, ba wanda ya yi magana da shi, har sai da Malam Sada ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Iro, ka ji abin da ake cewa. Kai ka ɗauki ragon Mamman?"

"Ban ɗauka ba, Malam."

"Kana rikiɗa?"

"Ba ni yi."

"To mi ya sa kake cewa kai kura ne?"

"Don haka nike jin kaina. In na ce ni mutum ne, na yi maku ƙarya."

Taron ya motsa. Hure ta ga mai addar nan ya matso taku biyu. 

"Yanzu na gan ka a sahu na biyu," in ji Malam. "Kura tana salla?"

Iro ya ce, "Ban san na sauran ba, Malam. Ni dai ina yi."

Wani ya tuntsire da dariya, amma dariyar ba ta bazu ba. Daga can gefe dutse ya taso ya sami Iro a goshi, jini ya gangaro masa kan gira. Bai ko ɗaga hannu ya shafa ba. Ya ɗago kai a hankali ya dubi wajen da dutsen ya fito, kuma kallon nan ya sa na gaba suka ja da baya suna take na bayansu. Hure ma ta ga kallon, ita ma ya ba ta tsoro.

Duk da haka ita ce ta ratsa mazan. Ba ta taɓa magana a gaban taro ba, amma ta durƙusa gaban liman.

"Allah shi gafarta Malam, ni na goya shi. Da uwarmu ta rasu yana wata tara, a bayana ya girma. Ban san abin da ke cikin ranshi ba, wallahi ni ma tsoro nike ji. Amma shekara talatin da ɗaya bai taɓa cutar ko kaza ba. In za ku kashe shi, ku faɗi abin da ya yi, ba abin da ya ce ba."

Malam Sada ya ce shi a karatunsa bai ga inda maganar mutum take fitar da shi daga 'yan Adam ba, saboda haka jinin Iro haramun ne kamar na kowa a wurin nan. Wanda ya ga ya ɗauki rago ya fito ya rantse. Ba wanda ya fito. Malam ya ce Usman ya kai Iro a duba shi, shi kuma zai riƙa yi masa addu'a, kowa ya watse.

Ba su watse da daɗin rai ba. Hure ta kama hannun ƙanenta suka bi ta tsakiyarsu, tana jin numfashinsu a ƙeyarta, tana jiran dutse na biyu har suka kai gida.

An kai shi Kaduna, ya yi wata biyu. Ya dawo ya yi ƙiba, yana barci sosai, kuma da Usman ya tambaye shi, ya ce har yanzu shi kura ne. Ragon Mamman ba a taɓa ganinsa ba. Mutanen unguwa suka rabu biyu a kan maganar har shekaru, wasu suna gaisawa da shi, wasu suna sauya hanya.

Daga baya wani ɗan kwangila da ɓarayi suka addaba ya ji labarinsa, ya ɗauke shi gadin kayan gini a Jiyare, unguwar manyan ma'aikata da ke bayan gari. Da ɓarayi suka ji kura ke gadi, ko ƙusa ba a ƙara ɗauka ba a wurin. Can Iro ya tare a wata 'yar rumfa ta kwano, ya ce ya fi jin daɗin inda ba mutane. Kowace Juma'a Hure takan hau tasi ta kai masa dambu. Su zauna a kan bulo su yi hirar gida, ya tambayi kowa da sunansa. In ta tashi tafiya yakan raka ta har bakin titi, ita kuwa ba ta taɓa yarda ya bi bayanta ba. Kullum sai ta rage sauri, ta ce ya wuce gaba.