Ƙwaryar Hajo

Inuwa na sharar baranda ya ji Malam Abdulsalam, jami'in da aka turo daga Kano, yana kiransa daga ƙofar ɗakin wanka.

"Baba, wa ya bar wannan a ƙasa?"

Ƙwarya ce, bakinta na kallon sama.

Tsohon masaukin yana bakin wani marmaro mai ɗumi tsakanin Gaya da Ajingi. A da fatake ke sauka, masu jego kuma su zo su yi arba'in ɗinsu ba sai sun ƙona itace ba. Yanzu gwamnati ta mai da shi gidan kayan gargajiya. An jera akusa da fayafai, kowanne da lamba a wuya kamar majinyaci. Gobe da safe manya za su zo su yanke zare, su tafa.

"Ta Hajo ce, mai ɗakina," in ji Inuwa. "Ita ta sassaƙa ta."

Abdulsalam ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta. "Kai! Duk gidan nan babu zane irin wannan. Ai kifa ta za a yi a kan tebur, jama'a su gani."

"Ba a kifa ta, ranka ya daɗe."

Inuwa ya yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa mai ilimi. A nan, mace in ta shiga wanka takan bar ƙwaryarta a buɗe a bakin ƙofa, don kowa ya san da mutum a ciki. In ta fito sai ta kife. Hajo ta shiga ranar sha tara ga haihuwarta, ɗauke aka fito da ita. Jaririn ya bi ta bayan mako guda. Shekara goma sha ɗaya ke nan Inuwa na kewaye ƙwaryar da tsintsiya, kuma wani lokaci da hantsi yakan ji ana sheƙa ruwa a ciki.

"Allah Ya jiƙanta. To amma Baba, har yaushe za ta yi ta wanka? Ko fatar kada gare ta ai ta dahu." Ya ga fuskar tsohon, dariyar ta maƙale. "Duba, ko a kife a tebur, ko ka kai ta gida. Ba zan bar abu a hanyar baƙi ba."

Abdulsalam ya miƙa hannu zai ɗauka.

"Kada ka taɓa," in ji Inuwa.

Ya jingine tsintsiya. Tururi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, ɗumi na lasar ƙafarsa. In ya kai ƙwaryar gida, ya bar Hajo a ciki ba alama, kowane ƙato ya faɗa mata. Ya durƙusa ya yi gyaran murya.

"Hajo, ki kintsa. Baƙi za su zo."

Ya jira ƙarar ruwan ta tsaya, sannan ya kife ƙwaryar da hannu biyu.

"Madalla," in ji Abdulsalam. "Kawo in sa mata lamba."

Inuwa ya kama hannun rigarsa ya ja shi gefe, ya juya masa fuska ga bango.

"Kau da kai, Malam. Ba ta hanya."