Littafin Da Ya Rage Wa Urias

A cocinmu ba a neman aikin wa'azi, ba a kuma koyonsa a makaranta. In mai wa'azi ya rasu, kowa ya je ya raɗa wa bishof sunan wanda ya kwanta masa a rai, sai a jefa wa waɗanda aka ambata ƙuri'a. A jera littattafan waƙoƙi iri ɗaya a kan tebur, kowanne ɗaure da roba, an ɓoye 'yar takarda mai ayar Littafi Mai Tsarki a cikin ɗaya. Wanda ya ɗauki wannan, shi Allah ya zaɓa. Aikin har mutuwa ne, babu albashi, kuma shanunka ba za su daina neman tatsa ba don ka zama bawan Allah.

Mutum uku aka ambata a wannan karon. Na fari Tilman Gingrich, wanda tun yana saurayi ake jin sa yana yi wa shanunsa wa'azi a garke. Kowa ya san yana son aikin. A wurinmu kuwa son aikin shi ne babbar shaidar rashin cancanta, don haka ya wuni yana yawo da fuskar wanda za a rataye. Na biyu Cleon Shantz mai gyaran keken doki. Na uku ƙanena Urias, wanda kullum yake gode wa Allah da ya sa a zuci muke yin addu'ar cin abinci. Ranar aurensa sai da bishof ya sa shi ya maimaita amsarsa, don ko amaryar ba ta ji ba.

Na same shi da safiyar ranar ƙuri'a a rumfar dawakai ta bayan coci, yana ɗaure dokinsa yana kwancewa. Matarsa Lovina na tsaye ta riƙe masa hula.

"Wa ya yi maka wannan aikin, ya kai wa bishof sunanka?" na ce. "Ka faɗa mini sunansa in je in sace masa kaji."

"Yaya, ba ranar wasa ba ce."

"Inna ce, na rantse. Ita kaɗai ta taɓa jin muryarka."

Lovina ta harare ni. "Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Jiya na soya masa tsiran alade, ya zauna yana kallonsa kamar sun taɓa faɗa."

"Ba zan iya ba," in ji Urias, yana magana da wuyan dokin. "In ƙuri'ar ta faɗo kaina, duk Lahadi in miƙe a gaban mutanen nan har ranar da za a binne ni? Me zan ce musu?"

"Abin da magabatanka suka ce. Ba wanda yake sauraro bayan rabin sa'a."

Bai yi dariya ba. Lovina ta ɗora masa hular ta ce, "Ka bar wa Ubangiji. Ai ya san ka." Ta faɗa ne kamar mai tuna wa Ubangijin.

Cocin ta cika, maza a gefe, mata a gefe. An yi waƙa mai tsawo, an yi wa'azi mai tsawo, mata sun fara kuka tun kafin a san wadda za a yi wa. Sannan dattijo Amsey Frey, dikin ɗinmu mai taimaka wa bishof, ya shiga ƙaramin ɗaki da littattafan ya sa takardar, wani ya shiga bayansa ya cakuɗa su, aka fito da su aka jera. Amsey mutumin kirki ne, amma idonsa ya riga shi yin ritaya.

Ina benci na uku, kuma daga nan na hango. A ƙasan littafin tsakiya, wani ɗan farin abu ya leƙo, bai fi farce ba.

Na ɗauka ni kaɗai na gani, sai na ji numfashin bencinmu ya canza. Wanda ke kusa da ni ya sunkuyar da kai yana nazarin takalminsa. Bishof Onias yana tsaye a bayan tebur, ta ɓangaren da ba a ganin komai, ya ɗaga hannu ya roƙi Ubangiji masanin zukata ya nuna wanda ya zaɓa. A raina na ce ai kuwa ya nuna, har ya yi yawa.

Babba ne ke fara ɗauka. Tilman ya miƙe. Hannunsa ya nufi na tsakiya kai tsaye, ya tsaya a sama. Kunnuwansa suka yi ja. Can sai hannun ya karkace ya ɗauki na hagu, ya koma ya zauna.

Cleon bai ɓata lokaci ba. Ya fizgi na dama kamar mai kwashe yaro daga gaban mota.

Saura ɗaya, da farin abinsa a waje. Saura Urias.

Bai tashi ba.

"Ɗan'uwa Urias," in ji bishof a hankali.

Ya miƙe, amma bai matsa ba. Sai muka ji muryarsa, wasunmu karo na farko, ta kai har bangon baya.

"Takardar tana waje."

Wata mata ta ce wayyo. Amsey ya dafa benci.

"Tana waje, kowa ya gani. Tilman, ka gani ko ba ka gani ba?"

A tarihin cocin nan ba a taɓa yin magana a tsakiyar ƙuri'a ba. Mutanen da suka binne 'ya'yansu ba su ɗaga murya ba, yanzu suna zaune baki buɗe.

"Na gani," in ji Tilman.

"To me ya hana ka? Kai ne kake so!"

"Shi ya sa." Tilman ya rungume littafinsa a ƙirji. "In na ɗauka ina gani, ni na naɗa kaina. In tsaya ina wa'azi shekara da shekaru na san sata na yi?"

"Kai fa, Cleon?"

"Ni 'ya'ya tara gare ni, ɗan'uwa," in ji Cleon. Wannan ita ce duk tauhidinsa.

Urias ya juya ga bishof. "Baba Onias, ka ce Allah ne zai zaɓa. Waɗannan biyun ne suka zaɓa. Ni aka bar wa saura, kamar ƙashin miya."

Bishof ya zagayo ya duba da idonsa. Ya daɗe yana dubawa. Tsoho ne da ya saba kowace tambaya tana da amsar da kakansa ya riga ya bayar, wannan kuwa kakan bai bar komai a kanta ba.

"Gaskiya ne, tana waje," ya ce. "Ana iya mayar da littattafan a sake. Amma ba ni zan faɗa ba, kai za ka faɗa. In ka tabbata babu hannun Ubangiji a cikin abin da ya faru yanzu, ka ce babu, a gaban jama'a, mu sake."

Na so in yi ihu daga bencina: ka ce babu! Kalma ɗaya ce, ko kai za ka iya. Na hango Lovina ta cusa bakin mayafinta a baki.

Urias ya tsaya yana kallon littafin. Leɓensa na motsi. Ina tsammanin yana lissafa idon Amsey, da tsoron Cleon, da kunyar Tilman, yana neman inda Allah ba zai iya shiga ba. Bai samu ba.

"Ba zan iya cewa babu ba," ya ce.

Ya taka ya ɗauka da hannu biyu. Da ya zauna fuskarsa ta yi fari fat, amma kafaɗunsa sun sauka. Lovina ta fashe da kuka, matan da ke kusa suka taya ta, kowacce da 'yar godiya a ciki cewa ba mijinta ba ne.

Ka'ida ita ce bishof ya buɗe littattafan bi da bi daga na babba, ko da kowa ya san inda abin yake. Mu kuwa ko gini na cin wuta ba ma tsallake ka'ida. Ya karɓi na Tilman, ya cire robar, ya buɗe don a wuce wurin.

Bai wuce ba. Ya tsaya. Ya sa yatsu biyu ya zaro takarda mai aya, ya ɗaga ta.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har dokin wani muka ji yana atishawa a waje. Tilman ya dubi takardar, ya dubi hannunsa da ya ɗauko littafin, ya ce, "A'a. A'a, ai na guje mata." Sai ya zube a ƙasa, inda dama ake so ya durƙusa. Bishof ya ɗora masa hannu a ka. Kukan Tilman na ranar nan na gaske ne, na shaida.

Ba wanda ya tuna da Urias. Na iske shi a rumfar dawakai bayan an tashi, littafin yana hannunsa har yanzu da robarsa. Lovina na gefensa tana dariya tana share hawaye, ta kasa tsayar da ko ɗaya.

"Buɗe mu ga abin da ya kusa kashe ka," na ce.

Ya buɗe. Takardar alewa ce, an ninke ta da kyau, irin wadda yara ke ɓoyewa in wa'azi ya yi tsawo.

"Ka tsira, malam," na ce. "Je ka ci tsiran aladenka."

"Mu tafi gida, Urias," in ji Lovina. "Ubangiji ya ji kukanmu."

Bai motsa ba. Yana ta juya takardar a tafin hannunsa.

"Yaya, na fa ce wa Ubangiji to." Muryar ta koma ƙasa, inda muka saba jin ta. "Da gaske na faɗa. Ban taɓa faɗa masa komai da gaske haka ba."

"To, ya ce ya gode, ba ya bukata."

"Haka ya ce?"

Lovina ta daina dariya, tana kallon mijinta.

Ya miƙa mini littafin in mayar ciki, ya kwance dokin. Da suka hau keken dokinsu, bai juya ta hanyar gida ba. Lovina ta kama hannun rigarsa ta tambaye shi ina za su.

"Gidan Tilman," ya ce. "Yau ba zai iya tatsa ba."