Doka ta Bakwai

Ni na rubuta dokokin da hannuna, saboda haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. A bayan tsohuwar kalanda na rubuta su da jan biro, guda tara, na manna a bangon ofishina. Duk yarinyar da za ta shiga gasarmu sai ta tsaya a gabana ta karanta su da ƙarfi.

Sunana Malama Luba, ina koyar da wasannin motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a Ƙofar Na'isa. Wasan da nake magana a kai wata 'yar bautar ƙasa ce ta kawo mana shi. Da ta gama shekararta ta tafi, ta bar mana sanduna biyu, da ƙwallaye uku, da safar hannu ta fata guda biyar. Ita tana da sunan da take kiransa da Turanci, mu dai ƙwallon sanda muke cewa. Ba shi da wuya. Wata ta jefo ƙwallo, mai sanda ta buga, ta yar da sandar ta zagaya buhunan yashi uku ta dawo gida, an ci ɗaya ke nan. Idan aka cafe ƙwallon a sama, ko ya riga ta isa wurin buhu, ta faɗi. In mutum uku suka faɗi, sai ɗaya ɓangaren ya karɓi sanda.

Da yara suka kamu da son abin, sai muka mai da shi gasar unguwanni: Ƙofar Na'isa, Ɗan Agundi, Jakara da Mandawari. Ranar Alhamis muke yi bayan la'asar, tunda babu Islamiyya. Iyaye sun yarda ne don filin a cikin katangar makaranta yake, ko maigadi ba ya leƙowa.

Kowace doka akwai abin da ya haife ta. Ta uku ta ce duk wadda ta buga ƙwallo ya tsallake katangar gabas ta faɗi, kuma ita za ta je da sallama ta karɓo shi. Bayan katangar gidan Hajiya Kulu ne, tsohuwa mai sayar da koko. Ranar da ƙwallonmu ya faɗa mata cikin ƙullu, da robar ta zo har ofishina ta dire a kan tebur, ba ta tafi ba sai da na rubuta dokar tana kallo. Ta tara ta ce da an kira magariba wasa ya ƙare, wanda ke gaba shi ya ci.

Ta bakwai kuwa Nana Aisha ce ta jawo ta, shugabar 'yan Jakara, wata doguwar yarinya mai ƙarfin hannu da wayon tsiya. Dukkansu farin hijabi suke sawa iri ɗaya. Wata rana na lura sau uku ta buga a zagaye ɗaya, tana shiga layi ta fito da hijabin wata. Raina ya ɓaci ƙwarai. A ranar na rubuta: babu yarinyar da za ta ɗaga sanda sai alƙaliyar wasa ta kira sunanta da ƙarfi daga takarda, kowa ya ji. Wadda ba a kira ba, ba za ta buga ba, kuma a lissafa ta faɗi. Har na ja layi biyu a ƙarƙashin dokar, ina jin daɗin kaina.

To ga inda gizo ke saƙar. Ina da 'ya a cikin 'yan Ƙofar Na'isa, kuma ita ce ta fari.

Shekararta goma sha huɗu, ban taɓa kiran sunanta ba. Haka aka rene ni. Innarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan babban wanmu ba, ko a bayan idonsa. Na san matan yanzu da yawa sun yar da wannan, za ka ji yarinya tana kwarara sunan ɗan farinta a tsakar titi, ko a jikinta. Ni ban iya ba. Ƙannenta, Umair da Maryam, ina kiran sunansu sau hamsin a wuni, yawanci da faɗa. Ita kuwa sai dai in ce “ke,” ko “yarinyar nan,” ko in aiki Maryam ta kira min yayarta.

Kuma ba a hannuna ta tashi ba. Tun da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, sai da Inna ta rasu tana da shekara goma ta dawo gidanmu. Anti take ce min, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Yarinya ce mai shiru, ta yi aikinta ta shige ɗaki, kamar baƙuwar da ta zo kwana biyu. Ban taɓa jin dariyarta sosai ba sai a filin nan, ranar da ta fara buga ƙwallo ya tashi sama. Ina bakin fili na ji ta, na juya baya kamar ina gyara buhu, don kada a ga fuskata. Na ji daɗi har cikin raina.

Ranar da na ga sunanta a takardar 'yan wasa, nan take na gane ramin da na haƙa wa kaina. Sai na yi dabara. Duk wasan da Ƙofar Na'isa ke ciki, na bar wa abokiyar aikina Malama Husaina alƙalanci, na ce ai bai dace in yi wa unguwarmu hukunci ba. Kowa ya yaba da adalcina. Haka muka yi wata uku lafiya lau.

Ranar wasan ƙarshe, Ƙofar Na'isa da Jakara, ina gama sallar azahar Malama Husaina ta bugo waya. Surukarta ce ba lafiya, suna hanyar Wudil.

“Ki yi haƙuri Malama Luba, ki riƙe usur ɗin yau kawai,” in ji ta.

Na ce Allah Ya ba ta lafiya, na ajiye wayar.

Filin ya cika ranar. Iyaye mata sun shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, da goggonni da kakanni, har Hajiya Kulu ta zo da kujerarta 'yar tsugunno. Rabinsu sun san Innarmu, sun kuma san irin tarbiyyar gidanmu.

'Yan Jakara suka fara bugu, suka ci biyu. Aka juyo kan Ƙofar Na'isa. Na riƙe takarda ina kira ɗaya bayan ɗaya, murya tar. Tawa ita ce ta shida. Na yi ta addu'a a zuci mutum uku su faɗi kafin a zo kanta, amma biyu kawai suka faɗi. Ta taso ta tsaya a gida, sanda a jingine da ƙafarta.

Na dubi takarda. Na ce, “Ta shida.”

Ba ta motsa ba.

Na ƙara murya. “Mai bi mata, a ɗauki sanda.”

Sai Nana Aisha, wadda ke riƙe da ƙwallo za ta jefa, ta sauke hannunta. Cikin ladabi ta yi maganar, kuma ladabin ne ya fi ƙona min rai.

“Malama, doka ta bakwai.”

“Ke za ki koya min dokar da na rubuta?”

“A'a Malama. Amma ni aka rubuta wa ita, shi ya sa na haddace.”

Aka yi 'yar dariya a kan tabarmi. Na ji Hajiya Kulu tana gaya wa ta kusa da ita, “Ta fari ce, ba za ta iya ba. 'Yar gidan mutunci ce.” Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Idon tsofaffin nan duk yana kaina. Yarinyar ba ta dube ni ba, ƙasa take kallo. Ta jira, ta jira, sannan ta kwantar da sandar a hankali ta koma wurin zamansu.

Na busa usur. Na ce ta faɗi, mutum uku sun cika. Da bakina na faɗa.

Aka ci gaba da wasa, ni dai jikina ne kawai a filin. A zagaye na biyu 'yan unguwarmu suka rama biyu, Jakara suka ƙara ɗaya, kuma layi bai zo kanta ba. Da aka tsaya shan ruwa, sai ga ta ta zo inda nake. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi.

“Anti, ki cire ni daga takardar.”

“Saboda me?”

“Kada in ƙara ja musu faɗuwa. Ki sa Maryam ɗin gidan Malam Isyaku a gurbina, ta iya.” Ta ƙara da cewa, “Ba komai, na san ba laifinki ba ne. Da ma daga yau na bar wasan, kin ga kin huta neman Malama Husaina.”

Ashe duk wata ukun nan ta san dabarar da nake yi. Kunya ta kama ni, ba irin wadda nake taƙama da ita ba, irin ta wanda aka kama da laifi. Wuri ɗaya ne a duniya yarinyar nan take dariya, ga shi ni zan kore ta daga wurin, don kada tsofaffi su ce 'yar Inna ta yi rashin ta ido.

Na ce, “Doka ta biyu ta hana canji in an fara wasa. Koma ki zauna.”

Zagaye na ƙarshe ya zo, rana ta yi ja a kan katanga. Jakara uku, Ƙofar Na'isa biyu. Mutum biyu sun faɗi, akwai yarinya ɗaya a buhu na biyu tana jiran a kawo ta gida. Layi ya zo kan ta shida. Ta taso, amma ko sandar ba ta taɓa ba, ta tsaya da hannuwanta a cikin hijabi, tana jiran usur ɗin da zai mai da ita.

Na tuna Inna, na ce a raina ki yafe min. Na ɗaga takardar kamar ban san abin da ke ciki ba.

“Ikram.”

Muryata ta fito a shaƙe, ko ni da ƙyar na ji. Dokar ta ce da ƙarfi, kowa ya ji. Na ja numfashi na kira yadda nake kiran yara daga ƙarshen fili.

“Ikram, ɗauki sanda.”

Ta ɗago kai ta dube ni. Ban taɓa lura idonta irin na Inna ne ba sai lokacin. Wata a kan tabarma ta yi salati, Hajiya Kulu ta riƙe haɓa. Ban kula su ba. Allah ma Ya taimake ni ita kaɗai ce mai sunan a takarda, da sai na haɗa da na ubanta, a taru a kaina.

Ta ɗauki sanda. Nana Aisha ta jefo ƙwallon, mai kyau kuwa, ba ta rage mata komai ba. Ikram ta ɗauke shi da wani irin bugu da ban taɓa ganin ta yi ba. Ƙwallon ya tashi, ya wuce kan 'yan Jakara gaba ɗaya, ya wuce reshen darbejiya, ya tsallake katangar gabas. Muka ji ƙarar faɗuwarsa a kan wani kwano a tsakar gidan Hajiya Kulu.

'Yan unguwarmu sun fara tsalle, sai suka tuna. Doka ta uku.

Na busa usur. “Ikram ta faɗi. Jakara ta ci gasa.”

Nana Aisha da mutanenta suka rungume juna. Hajiya Kulu ta miƙe tana cewa in dai murfin tukunyarta ne ya lotse, gobe zan gan ta a ofis. Ita kuwa wadda ta jawo wa unguwarsu rashin kofi, tana tsaye da sanda a hannu tana dariya, hawaye na zuba, ƙawayenta suna tambayarta ko lafiya. Ta bi bayan Hajiya ta je ta karɓo ƙwallon da sallama, kamar yadda doka ta ce.

Ana kiran magariba muka kama hanyar gida ta lungu, ni da ita. Da can takan yi gaba ko ta tsaya a baya, ranar kuwa kafaɗa da kafaɗa muka tafi. Mun kusa ƙofar gida ta yi magana.

“Anti, da ina ƙarama a gidan Inna, na ɗauka mantawa kika yi da shi, kina jin nauyin tambaya.”

“Da me?”

“Sunana. Da na girma aka ce min alkunya ce, na gane. Amma kullum ina so in ji yadda yake fita a bakinki.”

Na so in gaya mata ni na zaɓi sunan, kwana shida ina roƙon babanta kafin ya yarda. Na so in gaya mata babu sujadar da na taɓa yi a shekara goma sha huɗun nan ban ambace shi a zuci ba, kafin na kowa. Amma ko ɗaya ban iya faɗa ba.

Na ce, “Ikram, riƙe min jakar nan, ta yi min nauyi.”

Babu komai a jakar sai usur da takardar sunaye. Ta karɓa da hannu biyu, ta rungume ta a ƙirji har muka shiga gida.