Gadar Kasuwa Lafiya Lau

A gidan rediyon nan doka ɗaya ce ba a takawa: kada tasha ta yi shiru. Manaja ya sha faɗi, ko gobara ake yi a bar wa mutane wani abu a kunne. Shi ya sa da ambaliya ta shigo ɗakin watsa shirye-shirye, ruwa ya kai gwiwa, makirufo ya mutu, Injiniya bai yi wata-wata ba. Ya sa na'ura ta riƙa maimaita shirin safe, ya kira mai gabatarwa, wadda suke tsokana da Aku, suka haye rufin bene.

"Kwantar da hankalinki, Aku," ya ce yana matse ƙafar wando. "Janareto na nan sama, ga mai. Yau ko kin yi shiru bakinki ba zai huta ba."

Ba ta yi dariya ba. Unguwa ta zama kogi, ruwa ja wur, awaki da katifu na wucewa. A kan idonsu tsakiyar gadar kasuwa ta rufta. Ruwa ya shafe wurin, ƙarafan gefe na tsaye kamar ba abin da ya faru.

Sai ta ji muryarta daga rediyon maƙwabta da ke kan nasu rufin, tangaram, cikin natsuwa: "Jama'a, gadar kasuwa lafiya lau take. Ku biyo ta nan ku hau tudu."

Da safe gaskiya ce. Innarta tana can ƙetare, tsohuwar da ko mai unguwa bai isa ya tashe ta daga ɗakinta ba, amma in 'yarta ta faɗa a rediyo, to magana ta ƙare. Waya kuwa tun hantsi babu sabis.

"Injiniya, kashe janareton nan!"

"Ke, Manaja fa zai..."

"Manajan ya ci gidansu! Kashe na ce!"

Ya kashe. Rediyon maƙwabta ya ɗauke, ba a jin komai sai gurnanin ruwa.

Can ƙetare mutane sun yi layi, kaya a ka, yara a wuya, suna gangarowa wajen gadar. Babu wanda ya tsaya. Sun riga sun ji, kuma sun yarda. Aku ta ɗaga hannuwa ta ƙwala ihu iya ƙarfinta. Muryar ko rufin maƙwabta ba ta wuce ba, na gaba kuwa har sun tsoma ƙafa.