Dashen Faki

Faki bai taɓa shuka ko barkono ba, amma ranar da gwiwar matarsa Mwatima ta ƙi tafiya sai ya wayi gari manomi.

A ƙauyensu na gaɓar tsibirin Unguja, idan teku ta janye mata ne ke bin ciyawar ruwa da kwanduna suna tsintar katantanwa. Can nesa, inda ruwa ba ya ƙafewa, ciyawar doguwa ce mai faɗin ganye, katantanwarta manya. Ta bakin gaɓa kuwa gajeruwa ce kamar gemun akuya, rana ta gasa ta har ta saba. Nan kaɗai Mwatima ke iya kaiwa yanzu. Ta zauna a taɓo ta tsinci ƙanana, tana jiyo shewar ƙawayenta daga nesa. Wannan zama yana ci wa Faki rai ƙwarai.

Tunda ba za ta je wa doguwar ciyawa ba, in ji shi, ciyawar za ta zo mata. Ya tuge gajeruwar kaf, ya yi ta jigilar doguwa har da saiwa yana dasawa, yana jin kansa mai hikima.

"Baban Pandu, ka tambayi ciyawar ko tana son tashi?" in ji Mwatima.

"Ke dai zuba ido."

Ta zuba. Ruwa ya janye da tsakar rana, dogayen ganyen nan da ba su san zafi ba suka kwanta suka soye. Igiyar ruwa ta dawo ta share su, ta haɗa da taɓon da gajeruwar ke riƙewa. Wurin ya koma yashi fetal, ko ƙaguwa ba ta leƙawa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Mwatima ba ta yi faɗa ba. Ta rataye kwandonta a ƙusa, ta daina fita. Shirun nan ya fi zagi ciwo. Faki ya dubi kansa: gemu fari fat, shekaru aru-aru a teku, ashe ciyawa ma ta fi shi sanin inda za ta zauna.

Da ruwa ya sake janyewa sosai, ya sauko da kwandon, ya durƙusa a gabanta.

"Hau bayana."

"Ka haukace? Mutane fa!"

"Sun riga sun gama dariyar, saura kaɗan ce."

Ashe da saura da yawa. Mata suka bar tsinta suna tafa hannu.

"Baba Faki, yau kuma me za a dasa?"

"Uwarku ce dashen yau!" in ji shi, yana haki, taɓo na cin ƙafarsa.

Ya sauke ta a tsakiyarsu, ruwa iya idon sawu. Ta tura hannu cikin doguwar ciyawa, ta zaro katantanwa mai cika tafi, ta ɗaga ta sama tana dariya, hawaye na zuba.

"Kada ka yi nisa, tsoho," ta ce. "Ruwa zai dawo, kuma kai ne jirgina."