Yaran da Makinsu Fanko Ne

Ka taɓa ba kwamfuta umarni ta bi shi sak, sannan ka ji kamar ka wurga ta waje ta taga?

Ni na jawo wa kaina. Ban ko gama sanin hanyar ofishin makarantar nan ba na ɗaga hannu a taron malamai: ranka ya daɗe, me ya sa ake ware sakamakon yara da hannu? Layi kaɗan na SQL, yaren kwamfuta, ya isa. Hedimasta ya ce, to 'yar jami'a, kashi uku nake so: ya wuce, zai sake jarrabawa, zai maimaita aji. Kafin a tashi.

CASE WHEN... wato in maki ya kai kaza, rubuta kaza: hamsin "ya wuce", arba'in "zai sake". Kamar shan ruwa. Sai na ɗora sharaɗin arba'in a kan na hamsin, duk wanda ya ci ya koma "zai sake", har yarinyar da ke zuwa ta ɗaya. Sharaɗin da na'urar ta fara tararwa shi take kamawa, ba ta waiwaye. Halin Baba ke nan in an kai masa ƙara, wanda ya riga shiga ɗaki shi ne mai gaskiya. Na gyara.

Yanzu ga ELSE, kwandon duk wanda ya rage: zai maimaita. Ina dubawa, ga wasu yara a ciki, gurbin makinsu fanko. Ba sifili ba fa. Mai sifili ya zauna ya rubuta shirmensa. Waɗannan — ciwo ne? Malami ne bai shigar ba? Ka tambayi na'urar: ya kai hamsin? Ba ta sani ba. Arba'in? Ba ta sani ba. Sai ta watsa su kwando, hankalinta kwance.

Yayana... shekarar da ya kwanta asibiti ƙafa a rataye, aka rubuta masa maimaita. Ya zauna benci ɗaya da ƙannen abokansa, bai kai ƙarshen zangon ba ya ce shi da boko sai wata rana. Umma na guga tana cewa haka Allah Ya so. Ko dai wani ne kawai ya gaji, lokacin tashi ya yi?

Fanka na ƙugi, malamin lissafi ya leƙo ta kafaɗata. "'Yar jami'a, injin ya ƙi ne, mu ɗauko biro?" Oho dai.

Kashi na huɗu: in gurbi fanko ne, "a bincika". Layi ɗaya tak. Amma uku aka ce, takardar da hedimasta yake sa wa hannu gida uku gare ta, ni kuma gwaji nake, ba a ɗauke ni ba tukuna. In na ce masa akwai na huɗu... sarkin iyayi, daga zuwa? In na yi shiru kuma...

Ga ƙarar takalminsa a baranda. Yatsana na kan madanni, na kasa danna komai, na gaji.

Kai da ke karantawa, don Allah buɗe naka ELSE ɗin yau, ka ga su wa ka zuba a ciki.