Hannu Goma Sha Ɗaya a Shinge Ɗaya

Wata biyar ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, kuma tun ranar 'yarsa ke buɗe rumfar. A layin masu walda ba wanda ke kiranta da sunanta. Injiniya suke ce mata tun da ta dawo daga kwalejin fasaha, kuma ba don girmamawa suka laƙaba mata ba. Ta bar musu, tana amsawa ba tare da ta ɗago kai ba.

Rumfunan layin na ƙungiya ne. Dokar tana manne a allon ofis: duk wanda ya yi wata shida bai riƙe ƙarfe ba, rumfarsa ta koma hannun wani, sai fa in an zaɓi ɗaya daga 'ya'yansa ya gaje shi. Ba a taɓa zaɓar mace ba. Ta kai takardar neman shiga duk da haka, Sakatare ya karɓa da yatsu biyu, ya ce za a kaɗa ƙuri'a a taron ƙarshen wata.

Aikin da Baba ya bari shingen barandar wani bene ne, mai fulawa sittin, wato lanƙwasassun ƙarafan adon nan masu kama da katantanwa. Ashirin ya yi kafin ya faɗi. Ita ta ƙara goma sha takwas, a jikin ƙarfen da yake lanƙwasa su, wanda yake kira uwa. Kowane mai walda da tasa uwar, shi ya ƙera abarsa da hannunsa, kuma babu biyu da suka zo ɗaya.

Saura mako guda taron, da safiyar Asabar, sai ga 'yan ƙungiyar sun cika bakin rumfar su goma sha ɗaya, Shugaba a gaba. Abokin Baba ne tun suna samari.

"Injiniya, ajiye gudumar nan ki huta. Yau aikin babanki namu ne."

"Kawu, saura ashirin da biyu fa. Kwana huɗu na gama."

"Mun sani. Shi ya sa kowa ya lanƙwaso biyu daga rumfarsa. Ke dai ɗora mana shayi."

Dogo, mai rumfar da ke kallon tasu, ya riga ya ja wayar injin walda. Ya ce, "A kwalejin an koya muku dafa shayi kuwa, ko shi ma sai an zana a takarda?"

"An koya mana, Kawu Dogo. Har da na masu ciwon suga."

Aka yi dariya, har shi. Ta ɗora tukunya ta zauna a kan tsohuwar taya, tana kallon dattawa goma sha ɗaya suna aiki a rumfar ubanta. Ba da wasa suka zo ba. Wani da ciwon gwiwa ya durƙusa a ƙasa, wani ya rufe rumfarsa ranar ciniki. Kafin rana ta yi tsaka sun liƙe fulawar duka, sun goge, sun shafe shingen da jan fenti. Suka jera a gabansa, Sakatare ya ɗaga waya don takardar labarai ta wata.

"Injiniya, ɗan matsa, inuwarki na shiga."

Ta matsa.

Bayan sun watse ta jingina shingen da bango, ta koma tsallaken layi ta tsaya. Daga hagu har tsakiya ido na tafiya sumul, fulawa na bin fulawa, kowace da ɗan siririn bakinta da Baba ke daddalewa kamar ganye. Daga nan sai ido ya fara tuntuɓe. Na Dogo sun wage baki. Na Shugaba sun dunƙule kamar masu jin sanyi. Na Bahago, da yake da hagu yake aiki, sun juya wa sauran baya. Kowace a karan kanta mai kyau ce. A haɗe kuwa sai ka ce an tara yara daga gidaje daban-daban an ce uwarsu ɗaya.

A gida ta tarar da Mama tana shafa wa Baba mai a hannun da ya mutu. Ta miƙa wa Baba hoton shingen da ta ɗauka a waya. Ya daɗe yana kallo, ya sa babban yatsan hannu mai lafiyar ya bi shingen daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ya kife wayar a kan bargo.

"Sun kyauta," ya ce, da harshensa da ya yi nauyi. Ya juya fuska bango.

Mama ta biyo ta tsakar gida. "Na san idon nan naki. Kada ki taɓa shingen nan."

"Mama, ba a kai shi haka."

"Mai benen ya san fulawa ne? Shi dai kada 'ya'yansa su faɗo. Mutum goma sha ɗaya sun ba ki yininsu, kuma su ne za su ɗaga hannu ranar Asabar. In aka karɓe rumfar, taurin kan naki za mu dafa?"

Ta san gaskiya Mama ta faɗa. Maganin Baba daga rumfar yake fitowa, haka abin da ake ɗorawa a wuta.

Ranar Lahadi ta wuni tana kewaya shingen. Ranar Litinin ta sa sabon faifai a injin yanka.

Ƙarar injin yanka ba ta ɓoyuwa a layin masu walda, kuma kowa ya san bambancin ƙarar yanka sabon ƙarfe da ta cire walda. Ba wanda ya leƙo. Ta ciro ashirin da biyun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada ta ci jikinsu. Wuta ta ɗauke sau uku ranar. Tartsatsi ya huda mata hannun riga, ƙurar jan fenti ta shige mata hanci har yawunta ya canza launi. Daga Talata ta koma kan uwa: ta saka sandar ƙarfe, ta zura bututu, ta ja da dukan nauyinta, ta sassauta, ta sake ja. Baba da hannu ɗaya yake yi yana hira. Ita sai ta kafa ƙafa a gindin teburi. Shida ta iya yi a yini, bayan nan kafaɗa ta ƙi.

Ranar Laraba takardar labarai ta fito, aka manna a allon ofis. Ga hoton, ga rubutu a ƙasa: ƙungiya ta kammala aikin ɗan'uwanmu da ke kwance. Ta karanta a tsaye da bokitin ruwa a hannu, ta wuce. Tun ranar Dogo ya daina amsa gaisuwarta. Sai ya duƙar da kai kan aiki, shi da kullum sai ya tsokane ta kafin ya buɗe rumfa.

Ranar Juma'a da yamma ta liƙe ta ƙarshe. Ba ta koma tsallaken layi ta duba ba. Ta zauna a ƙasa, ta jawo fulawar da ta cire, ta goge wa kowace tabon walda, ta ɗaure su bibbiyu da waya, ta zuba a buhu.

Ofishin ƙungiya ɗaki ɗaya ne mai benci uku da fanka da ba ta juyawa. Ranar Asabar, da aka zo kan batunta a taron, ta shigo tana jan buhun a ƙasa, don ɗaukarsa ya fi ƙarfinta. Ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ajiye wa kowa biyu a gabansa.

"Mene ne wannan kuma?" in ji Shugaba.

"Aikinku ne, Kawu. Ba a yar da aikin manya."

Dogo ko kallon nasa bai yi ba. "Wato bai kai ba ke nan. Shekara talatin ina lanƙwasa ƙarfe, yau yarinyar da na goya ta ba ni sifiri."

"Ya kai, Kawu Dogo. A ƙofarka babu kamarsa. A shingen Baba ne bai zauna ba."

"Mai benen ne ya ce miki bai zauna ba?"

"Shi ba zai gane ba. Ku ne za ku gane, duk ranar da kuka bi ta titin kuka ɗaga kai. Wanda bai san labari ba kuma ya ce hannun Baba ya lalace tun kafin ya faɗi."

Shugaba ya ɗauki nasa biyun, ya juya su, ya leƙa na maƙwabcinsa.

"Duk fenti ɗaya muka shafa. Wa ya gaya miki na wane ne wannan?"

"Ba kowa."

"Akwai wanda aka ba ba nasa ba?"

Kowa ya duba gabansa. Kowa ya ga nasa ne, sai Bahago ya ce, "Ni dai nawa ko a duhu aka laluba an gane." Mutum biyu suka yi dariya, sauran ba su yi ba.

"Da kin zo kin faɗa mana," in ji Shugaba.

"Da na faɗa, Kawu, da kun ce in ɗora shayi."

Shugaba ya ajiye fulawarsa. Sannan ya ce ta jira a waje.

Ta zauna a kan dakalin ƙofa. Tana jin muryar Dogo na tashi tana sauka, tana jin wani na cewa rashin kunya, wani na cewa ai ubanta ma haka yake. Ta yi niyyar ta kasa kunne, amma bangon da ta jingina da shi akwai sanyi, idonta ya rufe.

Sakatare ne ya tashe ta, da ƙaton littafin rajista a hammata.

"Shida da biyar. Sa hannu a nan."

"Shidan na waye?"

"Naki mana. Da na ɗauko littafi?"

Mutane suka fara fitowa. Wasu sun riƙo fulawarsu, wasu sun bar ta a kan benci. Dogo ya wuce ta gabanta hannu wayam, bai waiwaya ba, kuma ta san rumfarsa za ta ci gaba da kallon tata kowace safiya.

Ta karɓi biro. Yatsunta suka ƙi rufuwa a kansa, ya zame ya faɗi ƙasa. Sakatare ya duƙa zai ɗauko, ta riga shi. Ta damƙe shi da dukan tafin hannu kamar ƙotar guduma, ta rubuta sunanta a karkace a ƙarƙashin na Baba.